Yadda Ake Kwance Murafen Jikin Tsohon Babur Ba Tare da An Fasa Su Ba

Duk wanda ya taɓa ɗora hannu a kan babur da ya haura shekara ashirin ya san cewa injinsa ya fi jikinsa haƙuri. Ƙarfe yana iya jure duka da murɗa, kuma idan noti ya lalace ana samun madadinsa, amma murafen filastik da suka lulluɓe gefe da gaba da bayan babur, da zarar sun fashe, sau da yawa ba a sake samun irinsu, domin kamfanin da ya ƙera su ya daɗe da daina yin su. Saboda haka aikin kwance su aiki ne na lura da natsuwa, kuma ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a cikinsa ita ce, murfin da ya ƙi fita bayan an cire notukan da ake gani, akwai wani abu da yake riƙe da shi a ɓoye, kuma nemo wannan abu ake yi, ba ƙara ƙarfi ba.

Dalilin da ya sa tsofaffin murafe suke da saurin fashewa yana cikin abin da aka yi su da shi. Yawancin murafe masu fenti an yi su ne da nau'in filastik da ake kira ABS, wanda yake da ƙarfi da ɗan lanƙwasa lokacin da yake sabo, amma hasken rana da zafin inji da girgizar shekaru suna busar da shi har ya koma kamar busasshen ƙwarya. Murafe baƙaƙe marasa fenti, irin na ciki, galibi da wani nau'i ake yin su mai suna PP, wanda ya fi lanƙwasa. A babura da dama, idan ka juya murfi za ka ga an buga sunan nau'in a cikinsa tsakanin alamomi guda biyu, kuma wannan rubutu zai yi maka amfani daga baya idan gyara ya kama. Manyan babura na shekarun 1970 kuma ana samun wasu da murfin gaba na zaren gilashi da aka haɗa da ƙaro, wanda ba ya lanƙwasa ko kaɗan, sai dai ya tsage a kewayen ramin noti kamar saƙar gizo.

Kafin a taɓa komai sai a kafe babur a jek ɗinsa na tsakiya, a kan ƙasa mai tauri wadda ba ta karkata ba, a bar inji da salansa su huce sarai. Yana da kyau a wanke babur tukuna, domin ƙura da tsohon giris suna ɓoye kawunan sukurori, kuma yashin da ya maƙale tsakanin murfi biyu yana karce fenti idan aka zame ɗaya a kan ɗaya. Haka kuma a guji yin wannan aiki da sanyin asuba ko a lokacin tsananin sanyi, saboda filastik mai sanyi ya fi karyewa; barin babur ya ɗan sha ɗumi, ko kuma hura wa wurin iska mai ɗumi da na'urar busar da gashi na 'yan mintuna, yana rage haɗarin sosai. Ɗumi ake so wanda hannu zai iya jurewa, ba zafin da zai narkar da fenti ba.

Batun kayan aiki shi ne inda mutane da yawa suke fara ɓarna ba tare da sun sani ba. Baburan Japan, wato Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki, tsofaffinsu suna amfani da sukurori masu kan gicciye da aka yi bisa ma'aunin masana'antun Japan, wanda ake kira JIS, kuma ko da yake a ido sun yi kama da sukurorin Phillips da kowa ya saba da su, ramin kansu ya bambanta. Sukudireban Phillips ba ya zama daidai a cikinsu. Da an matsa sai ya zame waje yana cinye kan sukurun, har ya mayar da gicciyen rami mai zagaye. Sau da yawa za ka gane sukurun JIS da ɗan ɗigo guda da aka buga a kansa kusa da gicciyen. Wanda ya sami sukudireba na wannan ma'auni, musamman lamba 2 da lamba 3, zai ga cewa sukurun da ya yi zaton ya kafe har abada yana juyawa cikin sauƙi. Ban da wannan, ana buƙatar sifanu da soket na milimita 8 da 10 da 12, da alanki na milimita 4 da 5, da filaya mai dogon baki, da tocila, da wani siririn abin banƙara na filastik wanda ba zai karce fenti ba. Idan babur ɗin tsohon ƙirar Ingila ne, yana iya zuwa da notuka na ma'aunin Whitworth, Harley-Davidson kuma na ma'aunin inci, kuma tilasta sifanar milimita a kan irin waɗannan yana goge kusurwoyin kan noti nan take.

Akwai wata dabara mai sauƙi da ta fi kowace tasiri wajen mayar da kaya yadda suke. A sami kwali mai faɗi, a zana siffar kowane murfi a kansa, sannan duk noti ko sukurun da aka cire a huda kwalin a daidai gurbinsa a soke shi a nan. Notukan jikin babur suna kama da juna amma tsawonsu ya bambanta da milimita kaɗan, kuma dogon noti da aka ɗaura a gurbin gajere yana iya huda abin da ke bayansa, ko wayar wuta ce ko akwatin iska. A haɗa da ɗaukar hoto da waya kafin cire kowane murfi da kuma bayan cire shi, domin bayan kwana uku babu wanda yake tuna ta ina wata waya ta bi.

Ana farawa ne da kujera, domin ita ce take rufe gefunan murafen gefe da bayan tanki da batir. A wasu babura makulli ne yake buɗe ta, a wasu kuma notuka biyu ne a gefe ko a ƙarƙashinta ta baya, sannan a ɗaga bayanta a ja ta baya, domin gabanta yana da harshe da ya shige ƙarƙashin tanki. Da zarar batir ya bayyana, a cire wayar da ke da alamar ragewa tukuna, kafin ta alamar tarawa, saboda a yawancin babura jikin babur gaba ɗaya yana haɗe da ɓangaren ragewa, kuma sifanar da ta taɓa kan tarawa da firam a lokaci guda za ta yi tartsatsi. A lanƙwasa wayar gefe yadda ba za ta koma ta taɓa batir ba.

Murafen gefe su ne suka fi kowane murfi shan wahala, kuma a kansu ya kamata a fi daɗewa. A yawancin tsofaffin babura, murfin gefe yana da 'yan ƙusoshin filastik biyu ko uku a bayansa, waɗanda aka zubo tare da murfin, kowanne da kumburarren kai, kuma suna shiga cikin zobban roba da aka dasa a jikin firam. Lokacin da robar take sabuwa tana da laushi, tana buɗewa ta saki ƙusar da ɗan ja kaɗan. Bayan shekaru sai robar ta bushe ta yi tauri ta kama ƙusar gam, ita kuma ƙusar ta yi rauni a gindinta, don haka idan aka kama murfin ta gefe ɗaya aka fizga, ƙusar ce take karyewa ta zauna a cikin robar. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure: na kama murfi ta baya na ja kamar mai buɗe ƙofa, sai na ji ɗan sauti ƙas, na ga murfin a hannuna da farin tabo a inda ƙusar take a da, ita kuwa tana nan cikin robarta ba ta motsa ba.

Hanyar da ta dace ita ce a fara haska bayan murfin da tocila daga sama, inda kujera ta bar sarari, a ƙirga wuraren da yake kame, a kuma duba ƙasansa ko akwai sukuru guda da aka ɓoye. Sannan a fesa ruwan sabulu ko feshin silikon a kan kowace roba a bar shi ya ratsa. Kada a yi amfani da man inji ko giris na yau da kullum, domin man da aka samo daga fetur yana kumbura roba yana lalata ta. Bayan haka sai a zura yatsu a bayan murfin daidai kusa da ƙusa ɗaya, a ja ta miƙe zuwa waje ba tare da karkatarwa ba, ana ɗan jijjigawa, kuma idan hannu zai iya kaiwa ta ciki, tura kan ƙusar da babban yatsa daga baya ya fi ja daga gaba aminci. A saki ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Wasu murafen suna da ƙusa a gaba da ƙugiya a baya, ko ƙugiya a sama, kuma irin waɗannan sai an zame su gaba ko sama bayan ƙusar ta fita. Ja kai tsaye yana ɓalle ƙugiyar.

Idan aikin ya kai ga cire tanki, a mayar da makunnin fetur zuwa OFF, a sa tsumma a ƙarƙashinsa, a matse zoben da ke riƙe da tiyo da filaya a ja shi baya, sannan a murɗa tiyon ya saki kafin a zare shi. Wasu babura suna da makunnin da iskar inji ke buɗewa, wanda yake da ON da RES (na fetur ɗin ajiya) da PRI (na cika kafireto) kawai. A irinsa a bar shi a ON, domin a nan fetur ba ya zuba idan inji a kashe yake, amma a PRI yana kwarara ba tsayawa. Irin wannan makunni yana da tiyo na biyu siriri da ya tafi wajen kafireto, kuma shi ma sai an zare shi. Yawancin tankuna noti ɗaya ko biyu ne suke riƙe da su ta baya, gabansu kuma yana zaune ne a kan robobi biyu masu zagaye a gefen firam, saboda haka ana ɗaga baya kaɗan a ja tankin baya. Idan akwai wayar ma'aunin fetur a ƙarƙashi, a cire ta kafin a ɗauke tankin. Tanki mai ɗan fetur ya fi sauƙin ɗauka, kuma a ajiye shi a kan tsumma nesa da wuta, yadda nauyinsa ba zai hau kan makunnin ba.

Babura masu babban murfin gaba, irin salon da ya yaɗu bayan fitowar BMW R100RS a 1976 da kuma baburan gudu na Japan na shekarun 1980 da 1990, suna buƙatar a fahimci jerin yadda aka haɗa su. Murafen suna hawa kan juna kamar ɓawon kifi, don haka wanda ya hau kan ɗan'uwansa a wurin haɗuwa shi ne yake fara fita. A bisa al'ada ana cire na ƙasan inji tukuna, sai na gefe, sai na ciki da ke kewaye da agogo, sannan madubai da gilashin gaba, kuma hancin da ke ɗauke da fitila shi ne na ƙarshe. Wannan jeri yana canzawa daga babur zuwa babur, kuma littafin gyara na ainihin samfurin, idan an same shi, shi ne alƙali. Dabara mai kyau ita ce a sassauta dukkan notukan murfi kafin a cire ko ɗaya, sannan a bar na sama ya zama na ƙarshe, domin kada nauyin murfin ya rataya a kan ɗan kunne guda na ƙasa.

A nan ne za a haɗu da ire-iren abubuwan ɗauri waɗanda kowannensu yake da halinsa. Akwai ƙusar filastik mai ɗan tsinke a tsakiya, wadda ake tura tsinken ciki da milimita biyu ko uku har ya yi ƙara, sannan a zaro ta gaba ɗaya. Wata irinta kuma ɗaga tsinken ake yi sama, don haka a duba da kyau kafin a matsa. Akwai noti mai kafaɗa, wanda yake da wuya mai santsi a ƙarƙashin kansa, ko kuma yake zuwa da ɗan bututun ƙarfe, kuma amfaninsa shi ne ya ɗaure a kan ƙarfe ba tare da ya matse filastik ba. Idan aka musanya shi da noti na gama-gari, murfin zai tsage a wurin bayan 'yan makonni na girgiza. Akwai maɗauri na Dzus, wanda rubu'in juyi kawai yake buƙata. Akwai kuma 'yan ƙarafa masu lanƙwasa da ake maƙalawa a bakin murfi don sukuru ya kama su, waɗanda suke son zamewa su faɗa cikin inji, saboda haka a ƙirga su tun suna wurinsu.

Wanda ya fi ba da wahala shi ne notin roba da ake yawan samu a gilashin gaba: ɗan bututun roba ne mai zaren tagulla a cikinsa, wanda yake kumbura a bayan rami idan an ɗaure sukuru. Idan ya tsufa, robar takan tsinke ta riƙa juyawa tare da sukurun, sai mutum ya yi ta murɗawa babu abin da ke fita. Maganinsa shi ne a kama shi ta baya da filaya mai dogon baki, ko kuma a zura siririn abu a ƙarƙashin kan sukurun a ɗan ɗaga shi yayin da ake juyawa. Ba a mayar da tsofaffin irin waɗannan. Sababbi ake sawa. Game da madubai kuma, a tuna cewa a yawancin baburan Yamaha madubin dama zarensa a juye yake, wato ana kwance shi ne ta hanyar da ake ɗaure sauran notuka, kuma mutane da yawa sun karya gindin madubi suna ƙara ɗaure shi alhali suna zaton kwancewa suke yi.

Kafin a janye kowane murfi mai ɗauke da sigina ko fitila, a tsaya da shi a nisan tafin hannu daga babur a leƙa bayansa. Wayoyin da ke wurin gajeru ne, kuma ana cire mahaɗinsu ne ta hanyar kama jikin mahaɗin, ba ta jan wayar ba. Masu ɗan harshen kulle kuma sai an danna harshen, a hankali, domin shi ma ya tsufa. A baburan Honda launukan suna taimakawa, domin ruwan lemo na siginar hagu ne, shuɗi mai haske na dama, kore kuma na ɓangaren ragewa da ke haɗe da firam, amma wayoyin da suka shekara talatin sukan koɗe har launukan su rikice, don haka liƙa ɗan tef da rubutu a kowane gefe ya fi dogaro da ido. Hancin babur yana da nauyi fiye da yadda ake zato saboda fitilar da ke cikinsa, kuma samun mutum na biyu ya riƙe shi yayin da ake cire mahaɗai yana hana asara.

Sukurun da tsatsa ta kama yana buƙatar lokaci. A fesa masa man kwance tsatsa kaɗan, a goge wanda ya malala a kan filastik, a bar shi wasu sa'o'i ko ya kwana. Sannan a dasa sukudireba da kyau, a danna da ƙarfi fiye da yadda ake murɗawa, a fara ɗan juya shi ta wajen ɗaurewa kafin a koma ta kwancewa, domin wannan yana karya tsatsar. Sukudireban da ake bugawa da guduma yana aiki sosai a kan sukurun da ya shiga ƙarfe mai kauri, amma bai dace da wanda ke bayan filastik ko siririn kunnen ƙarfe ba, saboda bugun zai fasa murfin kafin sukurun ya motsa. Wuta ma haka, ba ta da wuri kusa da filastik ko fetur. Idan kan sukurun ya riga ya cinye, ana iya kama shi da filaya mai kullewa, ko a yanka masa sabon tsagi da zarto, kuma idan duk wannan bai yi ba sai a huda kan da na'urar huji a hankali, ana tsayawa lokaci-lokaci, domin zafin hujin yana narkar da filastik ɗin da ke kewaye. Da kan ya fita murfin zai saki, kuma ragowar sukurun za ta fito fili inda filaya za ta kama ta.

Madigadin gaba ba shi da wuya: notuka huɗu ne galibi a cikin ƙarafa biyu da ke riƙe da tayar gaba, sai dai a lura da wayar agogon gudu da tiyon birki da suke bi ta wani ɗan zobe a jikinsa, kuma a wasu babura sai an cire tayar gaba kafin ya sami hanyar fita. Murfin wutsiya kuma yakan buƙaci a cire ƙarfen da fasinja ke riƙewa tukuna, sannan a ɗan buɗa gefunansa biyu kaɗan-kaɗan don ya wuce firam, kuma wannan buɗawa ita ce wurin da ɗumama filastik ya fi amfani.

Murafen da aka cire a shimfiɗa musu bargo ko kwali a kwantar da su, fenti yana sama, a wurin da ƙafa ba ta bi, kuma kada a jingina su a tsaye a kan kunnuwansu. A nisanta su da man birki, domin nau'in DOT 3 da DOT 4 suna cin fenti suna kuma raunana ABS. Tun da suna ƙasa, wannan ne lokacin duba cikinsu. Tsagewar da ta fara ana tsayar da ita ta hanyar huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshenta, sannan a liƙe ta daga ciki. ABS yana narkewa a cikin asiton, wato sinadarin da ake goge jan farce da shi, don haka ana iya narkar da gutsattsarin irinsa a yi kauri da shi a cike tsagewa ko a sake dasa ƙusar da ta karye, amma PP ba ya karɓar wannan kuma yawancin gam ba ya kama shi, sai dai a yi masa walda da zafi da sandar irin nau'insa.

Wajen mayarwa ana bin jerin ne daga ƙarshe zuwa farko, bayan an sauya robobin da suka bushe an kuma shafa musu silikon. A fara shigar da dukkan harsuna da ƙugiyoyi a gurabensu, sannan a ɗaura kowane noti da yatsu juyi biyu ko uku kawai, kuma sai dukkansu sun shiga ramukansu ba tare da tilas ba ake bi a ƙara ɗaure su. Idan rami ɗaya ya ƙi daidaita, alama ce cewa wani harshe bai zauna ba ko wata waya ta shiga tsakani. Ɗaurin kansa ya tsaya a inda noti ya zauna ya ɗan yi tauri, kuma kada a sa ruwan nan mai kulle zaren noti a inda zai taɓa filastik, domin yana sa shi tsagewa. Daga nan sai a haɗa batir, wayar tarawa tukuna sannan ta ragewa, a gwada sigina da fitila da wutar birki, a buɗe fetur a duba ko tiyo yana ɗiga, a kuma juya kan babur hagu da dama har ƙarshe domin a tabbatar babu waya ko murfin da yake gogar wani abu kafin a mayar da kujera.